Gigin Tsufa ko Zaizayar Ƙwaƙwalwa? Abin da Furotin Tau ya Bayyana

Akwai kalmomin da Bahaushe kan yi amfani da su domin ya bayyana abu, akwai kuma waɗanda yakan ɗauko domin ya rufe magana. "Gigin tsufa" tana cikin kashi na biyu. Idan dattijo a Bebeji ko Kiru ya shiga maimaita tambayar da aka amsa masa ɗazu, ko ya fito daga masallacin da ya shekara hamsin yana salla a ciki ya kasa gane hanyar gida, ko ya kira jikarsa da sunan ƙanwarsa wadda ta rasu tun zamanin En'e, sai a ce ai gigin tsufa ne, Allah ya sa a cika da imani. Daga nan magana ta ƙare. Ba wanda zai yi zancen likita, domin kuwa ba a kai tsufa asibiti.

Abin da wannan maƙala take son tabbatarwa shi ne, kalmar nan ta haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne, watau tsufa da ciwo, kuma haɗa su ɗin yana cutar da tsofaffi. Hujjar da ta fi ƙarfi a kan haka ba daga nazarin harshe ta fito ba. Ta fito ne daga wani ɗan ƙanƙanen sinadari da ke cikin ƙwaƙwalwar kowane ɗan Adam, wanda masana suka sa wa suna tau.

Ƙwaƙwalwar mutum tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Kowace ƙwaya tana da jiki, tana kuma da dogon reshe wanda take aika saƙo da shi zuwa ga 'yan'uwanta. Abinci da kayan gyara duk a jikin ƙwayar ake sarrafa su, sa'an nan a tura su har ƙarshen reshen ta cikin waɗansu siraran hanyoyi masu kama da bututu. Duk wanda ya san yadda ruwa yake barin madatsar Tiga ya bi magudanai har ya isa gonakin Kadawa, zai fahimci wannan tsari ba da wahala ba. Magudanar ba ta tsayawa da kanta, sai da simintin da ya riƙe gefunanta. To, aikin da siminti yake yi wa magudana shi ne aikin da furotin tau yake yi wa waɗannan hanyoyi: yana manne musu, yana hana su wargajewa. A shekarar 1975 aka fara gano shi, a ɗakin binciken Marc Kirschner na Jami'ar Princeton a Amurka, kuma a lokacin ba wanda ya danganta shi da wata cuta.

Ɓarnar tana farawa ne sa'ad da wani sinadari mai suna fosfet ya yi wa tau yawa. Kaɗan daga cikinsa ba laifi, da shi ma jiki yake daidaita aikin tau ɗin. Amma idan ya wuce kima, sai tau ya saki hanyar da yake riƙe da ita, ya nannaɗe, ya manne wa ɗan'uwansa, su curu su zama wani cukurkuɗaɗɗen zare a cikin ƙwayar. Hasara biyu ke nan a lokaci guda: gefen magudana ya zube, ɓaraguzan kuma sun toshe ta. Ƙwayar da kaya suka daina isa ƙarshenta takan yanke hulɗa da maƙwabtanta, daga bisani ta mutu. Ƙwayar jijiyar ƙwaƙwalwa kuwa ba kamar fata ba ce, da za a ce idan ta mutu wata za ta tsiro nan da nan ta maye gurbinta.

An ga wannan zare tun kafin a san ko mene ne. A shekarar 1901 aka kwantar da wata mata mai suna Auguste Deter a wani asibitin Frankfurt na ƙasar Jamus, tana fama da mantuwa da zargin mijinta da ruɗewa. Likitanta, Alois Alzheimer, ya binciki ƙwaƙwalwarta bayan ta rasu a 1906, ya ga curin zaren a cikin ƙwayoyi, ya kuma ga wani daskararren abu a tsakaninsu, wanda a yanzu ake kira amiloyid. Sai da aka shekara tamanin, a wajejen 1986, sa'an nan masu bincike, cikinsu har da Inge Grundke-Iqbal da Khalid Iqbal, suka nuna cewa zaren nan tau ne da ya lalace. Abin lura a nan shi ne shekarun matar: 51 take da su sa'ad da aka kwantar da ita. A Tudun Wada mace mai shekara 51 tana surfe, tana kai talla, tana aurar da 'ya'ya. Idan da tsufa ne kaɗai sanadi, ina tsufan yake? A ɗaya gefen kuma, kusan ba unguwar da za a rasa tsoho mai shekara tamanin da ɗoriya wanda zai lissafa maka iyakokin gonakin gari kaf bai yi tuntuɓe ba. Gaskiya ne yawan shekaru yana ƙara haɗarin kamuwa da ciwon, kamar yadda damina take ƙara zazzaɓin cizon sauro. Amma ba wanda ya taɓa cewa damina ita ce zazzaɓi.

Wani abin da ya kamata ɗalibin Hausa ya riƙe shi ne tsarin da lalacewar take bi. A 1991 Heiko Braak da Eva Braak, su ma a Jamus, suka nuna cewa a cutar Alzheimer curin tau ba ya bazuwa barkatai. Yana farawa daga wani lungu na ƙwaƙwalwa da ke daura da kunne, ya shiga sashen da ake kira hifokamfas, wanda shi ne mai karɓar sabon labari ya adana, sa'an nan a hankali ya haura zuwa sassan magana da tunani da gane fuska. Sun kasa tafiyar mataki shida. An kuma tabbatar daga baya cewa gwargwadon yaɗuwar tau ya fi yawan amiloyid dacewa da gwargwadon ruɗewar da ake gani a jikin majiyyaci. Wannan shi ya warware abin da ya daɗe yana ɗaure wa iyalai kai. Ga tsoho yana ba da labarin yadda aka gina Tiga tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Audu Baƙo, da garuruwan da aka tasa, ko labarin haƙar kuza a Riruwai, daki-daki, amma bai san ko ya ci tuwon dare ba. Sai a ce da gangan yake yi, abin da ya ga dama yake tunawa. Ba haka ba ne. Rumbun tsohon hatsi yana nan, ƙofar da ake zuba sabo ce ta toshe.

Ɗaliban sashe da suke zuwa ƙauyukan nan neman tarihin gari ko tatsuniya ko kirarin sana'a suna da darasi biyu a nan. Na farko, kada a raina mai ba da bayani don kawai ya manta sunan baƙonsa sau uku a zama ɗaya, wataƙila abin da ya faɗa game da yarintarsa ingantacce ne, sai dai a gwada shi da na wani. Na biyu, kada a ce sai baɗi. Mataki na gaba yana tafe, kuma idan ya iso, kalmomin kansu ne suke zubewa.

Ba cutar Alzheimer kaɗai tau yake da hannu a ciki ba, kuma nan ne kalmar "ciwon mantuwa" da kafofin watsa labarai suke amfani da ita ta gaza. Akwai nau'in da lalacewar take farawa daga goshin ƙwaƙwalwa, inda kunya da kara da kamun kai suke zaune. Wani likita a birnin Prague, Arnold Pick, ya bayyana irinsa tun 1892, kuma a 1998 aka gano cewa a waɗansu zuriyoyi tangarɗa ce a ƙwayar gadon da take ƙera tau ɗin kansa take haddasa shi. Wannan binciken ya nuna cewa lalacewar tau ita kaɗai ta isa ta rushe ƙwaƙwalwa. Mai irin wannan ciwo sau da yawa bai kai shekara 65 ba, kuma da farko ba ya mantuwa. Halinsa ne yake sauyawa. Mutumin da aka sani da kawaici sai a ji yana batsa a gaban surukai, ko ya sa hannu a akushin wani, ko ya yi ta rabon dukiyarsa ba lissafi. A al'ummar da kunya take ma'aunin mutunci, babu wanda zai kira wannan ciwo. Ko dai a ce ya lalace bayan girma, ko a ce sammu aka yi masa, a shiga zargin kishiya ko ɗan'uba. Idan kuwa tsohuwa ce marar gata, aka tsince ta da asuba a ƙofar gidan da ba nata ba tana sambatu, to kalmar da ta fi kusa da bakin mutane ita ce maita, kuma kowa ya san abin da kan biyo bayan wannan kalma.

Za a iya cewa ai duk wannan ciwon Turawa ne, masu kai iyayensu gidan tsofaffi. An auna wannan magana a Nijeriya. Tun daga 1992 likitocin Jami'ar Ibadan, irin su Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi, suka haɗa kai da Hugh Hendrie na Indianapolis suka gwada tsofaffin Yarbawa da baƙaƙen Amurka, masu shekara 65 zuwa sama, da ma'auni iri ɗaya. Sakamakon da suka fitar a 1995 ya nuna kashi 2.29 cikin 100 a Ibadan, da kashi 8.24 a Indianapolis. Wani binciken da likitoci suka yi a Zariya, aka buga a 2011, ya sami kusan kashi 3 cikin 100. Ashe ciwon yana nan, sai dai bai kai na can yawa ba a lokacin da aka auna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ne suke fama da shi, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ne. Uku cikin ɗari ba ta da yawa a takarda. Amma a ƙirga tsofaffin da ke tsakanin Kwanar Dangora da ƙarshen dajin Falgore, a kuma tuna cewa bayan kowane majiyyaci akwai mace guda, 'ya ko suruka ko matar aure, wadda ta bar sana'arta da barcinta domin tsaronsa.

Akwai wata hanya da tau yake lalacewa wadda ba ruwanta da tsufa, kuma ta shafi al'adar da Bahaushe yake alfahari da ita. A 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya bayyana tsofaffin 'yan damben zamani waɗanda suke tangaɗi kamar mashaya, harshensu ya yi nauyi, hankalinsu ya ragu. A 1973 aka binciki ƙwaƙwalwar irin waɗannan 'yan dambe goma sha biyar a Ingila, aka tarar da curin zaren nan. Wanda ya sake tayar da maganar a wannan ƙarni kuwa ɗan Nijeriya ne, Bennet Omalu, wanda ya yi karatun likita a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka. A 2002, a birnin Pittsburgh, ya binciki ƙwaƙwalwar Mike Webster, ɗan wasan ƙwallon Amurka da ya mutu yana da shekara 50 bayan ya daɗe cikin ruɗewa, ya tarar tau ya taru a cikinta, ya buga sakamakon a 2005. Abin da aka fahimta shi ne, ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi da take iyo a cikin ƙoƙon kai. Duk bugun da ya girgiza kai yana miƙar da siraran rassan nan, kuma idan abin ya yi ta maimaituwa shekara da shekaru, tau yakan fara curewa, ko da ba a taɓa suma ba.

To, a dubi dambe irin na gargajiya, wanda ake yi da kaka bayan an kai amfanin gona gida. An naɗe hannu da zare har ya yi tauri, kai ake nema, kuma babbar nasara ita ce kisa, watau a kai abokin karo ƙasa. Makaɗa irin su Ɗan Anace sun ɗaukaka jarumai irin su Shago, kuma ba wanda yake so a rasa wannan fage na adabi. Ba kuma kowane ɗan dambe ne yake kamuwa ba. Sai dai ƙwaƙwalwa ba ta bambance safar hannun Bature da naɗin zaren Bahaushe. Idan aka kashe ɗan dambe yau, ya tashi yana layi, aka yayyafa masa ruwa, aka sake sa shi a fage gobe don kada a ce ya ji tsoro, to ana ranto masa ciwon da zai biya yana da shekara hamsin, lokacin da kalangu ya yi shiru, 'yan kallo sun watse. Kuma idan ranar ta zo, gigin tsufa za a ce, ko a ce asirin da ya sha ne ya juye masa. Hutun makonni ga wanda aka kayar, da hana yara ƙanana shiga fage, ba za su rage wa dambe armashi ba. Haka nan matasan da suke tuƙa babur ba hular kwano a kan titin da ya ratsa Tudun Wada da Doguwa ya nufi Jos: rauni a ka yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin ruɗewa a ƙarshen rayuwa.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce wadda magidanci a Doguwa zai yi, kuma yana da gaskiyarsa. Tun da ba magani, mene ne amfanin sauya suna? Me zai sa ya sayar da buhun masara, ya ɗauki tsoho a mota tafiyar sa'o'i zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau, don kawai a gaya masa da Turanci abin da ya riga ya sani da Hausa? Lalle ne a faɗi gaskiya: har zuwa 2025 ba a amince da wani magani da yake kawar da curin tau ba. Magungunan da Amurka ta amince da su a 2023 da 2024 amiloyid suke yaƙa, rage saurin ciwon kawai suke yi, kuma an sa wa ɗaya daga cikinsu farashin dala 26,500 a shekara. Gwajin jini mai auna wani nau'in tau da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Mayu na 2025 ci gaba ne babba, amma ba shi ne abin da ke gaban mutumin Riruwai ba.

Duk da haka amfanin yana nan. Ba kowace ruɗewa ce ta tau ba. Zaizayar tau a hankali take tafiya, shekara da shekaru. Tsohon da yake garau ranar Juma'a ya wayi gari Lahadi bai san inda yake ba, wannan wani abu ne dabam: zazzaɓi, ko ciwon mafitsara, ko faɗuwar sukari, ko shanyewar ɓarin jiki, kuma da yawansu ƙaramin asibiti yana iya maganinsu idan an yi hanzari. Akwai kuma wanda kurumta ce ta sa shi amsa abin da ba a tambaye shi ba, da wanda baƙin cikin rashin abokin zama ya sa shi yin shiru. Kalmar gigin tsufa ta tattara waɗannan duka ta tura su ɗakin baya. Bugu da ƙari, wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na wannan ciwo yana da alaƙa da abubuwa 14 da ake iya gyarawa, cikinsu akwai hawan jini, da ciwon sukari, da shan taba, da raunin ji da na gani, da rauni a ka, da ƙarancin ilmi tun yarinta. Awon jini ga mai shekara arba'in bai kai kuɗin motar zuwa Kano ba.

Sa'an nan ga maganar haƙƙi. A yankin da gona take da daraja, musamman inda ruwan Tiga yake kaiwa, sa hannun tsoho ko dangwalen yatsansa dukiya ne. Shari'a ta sa hankali ya zama sharaɗi a ciniki da kyauta da shaida. Idan aka ɗauki ruɗewa a matsayin tsufa kawai, mai wayo a cikin dangi zai iya zaunar da tsoho da yamma ya karɓi "na ba ka", a wayi gari zumunci ya tsinke a gaban alƙali. Idan kuwa an san ciwo ne mai matakai, iyali za su zauna tun yana mataki na farko, hankalinsa yana tare da shi, ya faɗi iyakokinsa da basussukansa da wasiyyarsa da bakinsa, a gaban shaidu. Wannan mutunta shi ne, ba tozartawa ba.

Saura suna. "Hauka" ba ta dace ba, don tana kore mutum daga cikin mutane. "Mantuwa" ta yi kaɗan, kamar yadda aka gani. "Zaizayar ƙwaƙwalwa" ta fi kusa, domin manomi ya san zaizaya: ba dare ɗaya take cin gona ba, tana da inda take farawa, ba laifin gonar ba ne, kuma ana iya rage mata gudu ko da ba a tsayar da ita ba. Wataƙila malamai su sami wadda ta fi ta, amma kada a bar wa likitoci aikin su kaɗai, don su ba a koya musu ƙirar kalma ba.

Haka ma tambayoyin da ake gwada tsofaffi da su. Gwajin da aka tsara a Turai yakan tambayi kwanan wata na Bature, ya sa mutum ya yi ta ɗebe bakwai daga ɗari, ko ya kwaikwayi zane da fensir. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe fensir ba za ta faɗi wannan jarrabawa ko da ƙwaƙwalwarta ta fi ta mai tambayar lafiya. Masu binciken Ibadan sun gane haka, shi ya sa suka yi amfani da ma'aunin da bai dogara ga karatun boko ba, wanda kuma yake haɗawa da jin ta bakin wani na kusa da tsohon. Irin wannan ma'auni yana bukatar wanda ya san abin da lafiyayyen tsoho a Kiru ba zai taɓa kuskurewa ba: wace salla aka idar, yau saura kwana nawa kasuwar garinsu ta ci, ana cikin bazara ne ko marka, wane ne mai unguwa, ta wace hanya ake zuwa rijiya, yaya ake ƙarasa karin maganar da aka fara masa. Ya kuma san yadda za a yi wa dattijo waɗannan tambayoyi ba tare da ya ji yaro yana gwada shi ba, domin a ƙasar Hausa wanda ya tambayi sa'an kakansa "Baba, yau wace rana ce?" ba tare da dogon share fage ba, shiru zai samu, sai malamin asibiti ya rubuta cewa tsoho bai sani ba.